Tsoka da Takarda: Shin Ɗaga Ƙarfe Yana Ƙara wa Matashi Fahimtar Karatu?

A 'yan shekarun nan wata magana ta samu gindin zama a tsakanin ɗaliban jami'a da masu shirin jarrabawa, wai ɗaga ƙarfe yana buɗe kai. Masu koyar da atisaye a YouTube da TikTok ba sa gajiya da maimaita ta, kuma sukan yi mata ado da sunayen manyan jami'o'i da na sinadarai masu wuyar furuci. A taƙaice cewa suke yi, tsokar da aka ba wuya tana aika wa ƙwaƙwalwa saƙon ta ƙara girma, saboda haka matashin da ya lazimci ƙarfe zai wayi gari littafin da ya gagare shi bara ya zame masa kamar shan ruwa.

Maganar tana da tushe, shi ya sa take da wuyar turewa. Akwai bincike na gaske a bayanta, wanda ƙwararrun masana suka gudanar. Sai dai tsakanin abin da masanan suka auna da abin da ake yi wa ɗalibi alkawari akwai tafiya mai nisa, kuma a kan hanyar ne ake musanya kayan. Matsayina shi ne, ƙarfafa tsoka yana gyara halin da matashi yake ciki lokacin da ya zauna gaban littafi, wato barcinsa da natsuwarsa da kwanciyar hankalinsa. Wannan riba ce babba, ita kaɗai ta isa dalilin ɗaga ƙarfe. Fahimtar abin da ke rubuce a shafi kuwa tana fitowa ne daga kalmomin da mutum ya sani da ilimin da ya riga ya tara, kuma a cikin littafi ake samun waɗannan biyun.

Rabe wannan da wancan yana da amfani a aikace. Ɗalibi awa 24 gare shi a rana, da ɗan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Idan ya yarda cewa maganin rashin fahimtarsa yana cikin ƙarfe da garin gina tsoka na gwangwani, can zai kai lokacinsa da kuɗinsa, sa'annan ya shiga ɗakin jarrabawa da faffaɗan ƙirji da tsohuwar matsalarsa. Idan kuma daga baya ya gane an yaudare shi, ya yi fushi ya yar da ƙarfen gaba ɗaya, ya yi asarar abin da yake amfanarsa da gaske.

Da me aka gina fahimtar karatu?

A 1986 masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, suka kawo wani bayani mai sauƙi wanda har yau masu nazarin karatu suke komawa gare shi. Suka ce fahimtar rubutu abu biyu ne: iya mayar da haruffa su zama kalmomi, da fahimtar harshen da kalmomin suke ciki. Suka ƙara da cewa ninka su ake yi da juna, don haka idan ɗaya ya zama sifili, sakamakon duka sifili ne. Bahaushen da ya iya boko zai iya furta shafi guda na Suwahili ba tare da tuntuɓe mai yawa ba, ya kai ƙarshe bai san ko zaginsa ake yi ba. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba kuwa tana gane habaici tun mai yin sa bai rufe baki ba, amma a rubuta mata shi a takarda, ba abin da za ta gani sai zane.

Matashin da ya kai jami'a ya daɗe da wuce matsalar haruffa. Abin da ya rage masa shi ne ɓangare na biyu, wanda yake zaune kamar tukunya a kan duwatsun murhu uku.

Dutse na farko shi ne kalmomi. A shekara ta 2000 Marcella Hu da Paul Nation, a ƙasar Niyu Zilan, suka ɗauki wani labari na Turanci suka cire wasu kalmominsa suka sa na bogi a gurbinsu, suka ba masu koyon Turanci su karanta. Abin da suka fitar shi ne, mai karatu yana bukatar ya san kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi da kansa. Wato baƙuwar kalma ɗaya a cikin kowace 50. A shafi mai kalma 300, wanda ya san kashi 90 cikin 100 zai ci karo da baƙin kalmomi 30, ko da yake a kunne kashi 90 kamar ya isa. A 2006 Nation ya ƙiyasta cewa karanta jarida ko littafin labari na Turanci a wannan matsayi yana bukatar sanin tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000 tare da rassansu. Wannan lissafi ya shafi ɗalibin Kano ko Zariya da ke karanta ilimin magunguna da Turanci, ya shafi na Maraɗi ko Damagaram da ke karanta shari'a da Faransanci, domin dukansu a harshen da ba na gida ba suke ɗaukar karatu.

Dutse na biyu shi ne abin da mutum ya riga ya sani game da batun. A 1988 Donna Recht da Lauren Leslie, a Amurka, suka ba yara 64 'yan ƙaramar sakandare wani rubutu da ke bayyana yadda wani sashe na wasan besbol ya gudana, suka ce su kwaikwayi abin da suka karanta da 'yan gumakan katako a kan ƙaramin fili, su kuma ba da labarinsa. Yaran da aka sani da rauni a karatu amma suka san besbol sun fi waɗanda suka ƙware a karatu amma ba su san wasan ba. Hausawa sun riga sun faɗa, da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Dutse na uku shi ne hankali: iya tsayar da tunani a kan shafi, da iya riƙe farkon jimla har a kai ƙarshenta. Masana suna kiran wannan riƙo ma'ajiyar wucin gadi ta ƙwaƙwalwa. A 1980 Meredyth Daneman da Patricia Carpenter, a Jami'ar Carnegie Mellon, suka sa ɗalibai su karanta jimloli a jere suna riƙe da kalmar ƙarshe ta kowace jimla, a ƙarshe su faɗe su. Waɗanda suka fi iya riƙewa su ne suka fi fahimtar rubutu, har da gane wa ake nufi da "shi" ko "ita" idan an ambaci sunan tun can baya.

A cikin duwatsun nan uku, na ukun ne kaɗai ƙarfe yake da hanyar taɓawa. Babu nauyin da zai sa mutum ya san ma'anar kalmar da bai taɓa gani ba.

Abin da masu bincike suka auna

Binciken da aka fi ambata a wannan fage an yi shi ne a birnin Vancouver na Kanada, aka buga shi a 2010. Teresa Liu-Ambrose da abokan aikinta a Jami'ar British Columbia suka raba mata 155 kashi uku ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya suna ɗaga nauyi sau ɗaya a mako, na biyu sau biyu, na uku suna atisaye marar nauyi na daidaita tsayuwa, har tsawon wata 12. Masu ɗaga nauyin sun ƙaru da kashi 11 zuwa 13 cikin 100 a gwajin Stroop, na ukun kuwa ba su ƙaru ba. Gwajin Stroop shi ne a rubuta kalmar "ja" da koren tawada, a ce ka faɗi launin tawadar da sauri, ka danne harshenka daga karanta kalmar. Bincike ne mai inganci. Amma shekarun matan 65 zuwa 75 ne. Haka ma wani da Ricardo Cassilhas ya jagoranta a São Paulo ta Birazil a 2007: maza 62, atisaye na mako 24, sakamako mai kyau, shekarunsu su ma 65 zuwa 75.

Shekarun nan su ne jigon maganar. Saurin aikin ƙwaƙwalwa da ƙarfin riƙonta suna raguwa da tsufa, don haka duk abin da ya rage gudun wannan gangara zai bayyana a ma'auni. Ɗan shekara 20 kuwa yana kusa da ƙololuwar waɗannan baiwa. Ruwan da zai farfaɗo da shukar da ta fara yaushi ba lallai ne ya ƙara wa mai tsayuwa shar tsawo ba.

Idan aka juyo kan matasa, hoton yana sauyawa. A 2014 Lisa Weinberg da Audrey Duarte, a Cibiyar Fasaha ta Georgia da ke Atlanta, suka nuna wa matasa 46 hotuna 90. Bayan haka rabinsu suka yi ta miƙe ƙafa da lanƙwasa ta a kan na'ura da iyakar ƙarfinsu, sauran kuma na'urar ce take motsa musu ƙafa suna zaune. Bayan kwana 2 aka gauraya tsofaffin hotunan da sababbi 90. Masu atisayen sun gane kusan kashi 60 cikin 100, sauran kusan kashi 50. Wannan sakamako ne mai ban sha'awa, kuma daga gare shi kanun labarai da yawa suka fito. Amma abin da aka auna shi ne tuna hoto. Gane cewa na taɓa ganin wannan hoton daban yake da gane abin da marubuci yake nufi a sakin layi na huɗu da yadda ya saɓa wa na biyu.

A 2009 Matthew Pontifex da Charles Hillman, a Jami'ar Illinois, suka auna ma'ajiyar wucin gadin kanta, wato dutsenmu na uku. Matasa 21 suka yi gwajin riƙe haruffa bayan minti 30 na gudu, da bayan minti 30 na ɗaga nauyi, da bayan zama kawai. Gudu ya ƙara musu saurin amsa. Ɗaga nauyi bai ƙara ba.

A shekarar nan dai Maria Åberg da abokan aikinta a Jami'ar Gothenburg suka buga nazari a kan maza fiye da miliyan 1.2 'yan ƙasar Suwidin, waɗanda aka haifa tsakanin 1950 da 1976, aka gwada jikinsu da basirarsu suna da shekara 18 lokacin rajistar aikin soja. Juriyar zuciya da huhu, wadda aka auna da keken gwaji, ta tafi kafaɗa da kafaɗa da makin basira. Ƙarfin tsoka bai nuna irin wannan alaƙa ba. Irin wannan nazari ba ya tabbatar da cewa wani abu ne ya jawo wani, amma da ƙarfin damtse yana ɗauke da basira, a cikin matasa sama da miliyan da an ga sawunsa.

Masu tattara bincike da yawa wuri guda su ma sun duba. A 2020 Jon-Frederick Landrigan da abokan aikinsa suka haɗa bincike 24 a kan ɗaga nauyi, galibinsu na masu manyan shekaru. Sun samu amfani matsakaici a kan iya sarrafa hankali, irin wanda gwajin Stroop yake aunawa, amma ba su samu tasiri tabbatacce a kan ma'ajiyar wucin gadi ba. A 2023 kuma Luis Ciria da abokan aikinsa a Jami'ar Granada ta Sifaniya suka sake bin diddigin gwaje-gwaje 109 na motsa jiki iri-iri a kan masu lafiya, mutum fiye da 11,000. A ma'aunin da masana ke amfani da shi, amfanin ga ƙwaƙwalwa ya fara da 0.22, wanda dama ƙarami ne. Da suka cire tasirin raunin tsarin wasu gwaje-gwajen da ɗabi'ar mujallu ta fifita sakamako mai daɗi, sai ya koma 0.05. Wasu masanan sun yi musun hanyar da suka bi, kuma muhawarar tana nan da ranta. Amma abin da ƙwararru ke jayayya a kan ko ƙarami ne ko kusan babu, bai kamata a sayar wa ɗalibi shi a matsayin mabuɗin littafi ba.

Akwai bincike ɗaya da masu wannan da'awa za su iya kafa hujja da shi, domin karatun kansa aka auna. A 2009 Hillman ya sa yara 20 su yi tafiya ta minti 20 a kan na'urar tafiya, bayan haka makinsu a gwajin karatu ya fi na ranar da suka zauna kawai. Sai dai yara ne 'yan kimanin shekara 9 zuwa 10, kuma tafiya suka yi. Wanda ya ɗauki wannan ya ɗora wa saurayi mai ɗaga kilo 80 ya tsallake rijiya biyu a taki ɗaya.

Maganar sinadarai

To ina batun saƙon da tsoka take aika wa ƙwaƙwalwa? Shi ma yana da asali. Tsoka mai aiki tana sakin sinadarai a cikin jini, waɗanda Bente Klarlund Pedersen ta Jami'ar Copenhagen ta raɗa wa suna mayokin a 2003. Tun 1995 rukunin Carl Cotman a Kalifoniya suka nuna cewa gudu yana ƙara wa ɓeraye sinadarin BDNF, mai taimaka wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su rayu su ƙulla alaƙa da juna, musamman a sashen da ke adana sabon abin da aka koya. A 2012 Cassilhas ya ɗaura wa ɓeraye nauyi a wutsiya ya sa su hawa tsani, suka fi 'yan'uwansu marasa atisaye tuna hanya, kuma aka danganta hakan da wani sinadarin mai suna IGF-1.

Duk wannan ilimi ne mai daraja. Abin da yake nunawa shi ne akwai hanyar da tsoka za ta iya yi wa ƙwaƙwalwa magana. Ko da an ɗauka abin da ya faru ga ɓera yana faruwa ga mutum daidai wa daida, iyakar abin da sinadarin zai yi shi ne ya sa ƙwaƙwalwa ta fi shirin karɓar darasi. Taki yana gyara ƙasa, amma gonar da aka zuba wa taki ba a shuka komai ba, ciyawa za ta fi kowa godiya.

Tsohon mafarki a sabuwar riga

Fatan cewa horo a wani fanni zai ƙarfafa hankali gaba ɗayansa ya girmi ɗaga ƙarfe na zamani. A ƙarni na 19 makarantun Turai da Amurka suna tilasta wa yara Latin da hujjar cewa wahalarsa tana wasa ƙwaƙwalwa. A 1901 Edward Thorndike da Robert Woodworth suka gwada wannan tunani. Suka horar da mutane su ƙiyasta faɗin wasu siffofi masu kusurwa huɗu har suka ƙware, sa'annan suka sauya musu siffar da girmanta, sai mafi yawan ƙwarewar ta ƙi biyo su. Suka yanke cewa horo yana ƙetarawa zuwa wani aiki ne gwargwadon abin da ayyukan biyu suka yi tarayya a kai. A zamaninmu mafarkin ya dawo da sunan wasannin horar da ƙwaƙwalwa a waya, har a watan Janairu na 2016 hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta sa kamfanin da ke da Lumosity ya biya dala miliyan 2 saboda tallan da ya yi alkawarin da ba shi da hujja a kai.

Abin mamaki shi ne, babu wanda ya kai mai ɗaga ƙarfe sanin wannan ƙa'ida. Ya san cewa atisayen hannu ba ya gina cinya. Ya san wanda ya iya ɗaga nauyi mai yawa sau ɗaya ba lallai ne ya iya gudun kilomita 10 ba. Ɗan dambe da ɗan kokawa dukansu ƙarfafa ne, amma a sa su musanya fage a ga yadda za ta kaya. Jiki yana sabawa ne da ainihin abin da aka sa shi yi. Idan ƙarfin hannu bai sauka zuwa ƙafa ba alhali jini ɗaya ke zagaya su, da wace hanya zai isa ga sakin layin da ke bayani a kan hauhawar farashi?

Abin da ƙarfe yake bayarwa da gaske

Wani zai ce, "Ni na gani a jikina. Tun da na fara ɗaga ƙarfe karatuna ya gyaru." Ban ƙaryata shi ba, kuma akwai bayanin da ya dace da abin da ya gani.

A 2018 Brett Gordon da abokan aikinsa a Jami'ar Limerick ta ƙasar Ailan suka haɗa gwaje-gwaje 33 da suka ƙunshi mutum 1,877, suka samu cewa atisayen ƙarfafa tsoka yana rage alamomin ciwon damuwa sosai, ko da mutum bai ƙara wani ƙarfin a zo a gani ba. A 2020 suka gwada shi a kan matasa kai tsaye, sau biyu a mako har mako 8, fargabarsu ta ragu idan aka kwatanta da waɗanda aka sa su jira. Wani nazari na 2018 da ya tattara gwaje-gwaje 13 ya nuna cewa lazimtar irin wannan atisaye yana kyautata barci. Barci kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mai koyo. A 2007 Matthew Walker da abokan aikinsa suka nuna cewa rashin barcin dare ɗaya yana rage aikin sashen ƙwaƙwalwar da ke karɓar sabon abu, kuma matasan da aka hana barci sun kasa tuna abin da aka nuna musu kamar yadda masu barci suka tuna.

A nan ne ƙarfe da littafi suke haɗuwa. Fargaba tana cinye wurin da jimla ya kamata ta zauna a ma'ajiyar wucin gadi. Duk wanda ya taɓa karanta shafi sau uku yana tunanin kuɗin makaranta ya san wannan. Matashin da ya fara atisaye yakan fara kwanciya da wuri, ya rage raba dare a waya, ya tsara yininsa a kan lokaci, ya samu abokan da suke sa ran ganinsa. Irin wannan mutum idan ya zauna karatu yana zaune da hankalinsa duka. Zai fahimci abin da dama yake da kalmomi da ilimin fahimtarsa, wanda gajiya da damuwa suke tare masa. Abin da atisaye ya yi shi ne kawar da shingen da ke tsakaninsa da iyawarsa. Iyawar kanta tana nan yadda ya bar ta, sai ya ƙara mata da karatu.

Shi ya sa amfanin ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Wanda matsalarsa rashin barci ce da ƙuncin zuciya zai ga sauyi. Wanda matsalarsa baƙin kalmomi 30 ne a kowane shafi zai yi barci mai daɗi, ya tashi ya tarar da su 30 suna jiransa.

Darasin da ya kamata a ɗauko

Akwai abin da wurin ɗaga ƙarfe zai koya wa mai karatu wanda ya fi kowane sinadari, shi ne hanyar aiki. A 1945 Thomas DeLorme, likitan sojan Amurka mai jinyar waɗanda suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu, ya nuna cewa tsoka tana farfaɗowa ne idan aka ba ta nauyin da ke kusa da iyakar ƙarfinta, ana ƙara shi kaɗan-kaɗan. Nauyin da ya yi sauƙi ba ya gina komai, wanda ya yi yawa kuma rauni yake jawowa. Karatu ma haka yake. Wanda ba ya karanta komai sai gajerun saƙonnin waya yana ɗaga gwangwanin da babu komai a ciki. Wanda ya faɗa wa littafin da bai san rabin kalmominsa ba ya tunkari nauyin da zai danne shi. Abin nema shi ne rubutun da ya ɗan fi ƙarfinka, a karanta shi kullum, a riƙa matsawa gaba.

Darasi na biyu shi ne gaskiyar ma'auni. Kilo 60 ko ka ɗaga ko ba ka ɗaga ba, babu wurin yaudarar kai. Karatu kuwa yana ba mutum damar ya ruɗi kansa: ido ya bi layi, shafi ya zama sananne, sai a ɗauka an fahimta. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, a Jami'ar Washington da ke St. Louis, suka ba ɗaliban jami'a gajerun rubuce-rubuce. Wasu suka yi ta maimaita karantawa a zama huɗu. Wasu suka karanta a zama ɗaya, sa'annan a zama uku suka rufe takarda suka rubuta duk abin da suka tuna. Masu maimaitawar sun fi amincewa cewa za su tuna. Bayan mako guda kuwa kashi 40 cikin 100 suka tuna, masu rufe takarda suka tuna kashi 61. A lura da wannan bincike da kyau: matasa ne, rubutu ne na gaske, kuma tazarar ta fi duk wadda muka gani a gwaje-gwajen ɗaga nauyi. Rufe littafi da ƙoƙarin faɗin abin da ke ciki shi ne ɗaga nauyin mai karatu. Yana da wuya, shi ya sa ake gudunsa, kuma wuyar ce take yin aikin.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta shawarci baligi ya yi atisayen ƙarfafa manyan tsokoki aƙalla kwana 2 a mako, tare da minti 150 zuwa 300 na motsa jiki mai sa haki matsakaici, kamar tafiya da sauri ko hawan keke. Wannan ya ishi ɗalibi, kuma bai kai awa ɗaya a rana ba. Ba ya bukatar na'ura mai tsada. Sandar ƙarfe da aka dasa wa siminti a gefe biyu, ko jarkar ruwa, ko nauyin jikin mutum kansa, duk suna biyan bukata. Kada a bar gudu da tafiya saboda ƙarfe, domin a kan matasa hujjarsu ta fi ƙarfi. A kiyaye barci, domin ta nan ne mafi yawan ribar take shigowa.

Sauran lokacin na littafi ne. A ware awa guda kullum a ajiye waya a wani ɗaki. A rubuta kowace baƙuwar kalma a koma mata bayan kwana biyu. Kafin a shiga babi mai wuya a nemi bayani mai sauƙi a kan batun, ko da da Hausa ne, don a samu ruwan cikin da za a ja na rijiya da shi. A ƙarshen kowane sashe a rufe littafin a faɗa wa aboki, ko bango, abin da marubucin ya ce da dalilin da ya kawo. Matashin da ya riƙe waɗannan tare da atisayensa na kwana biyu a mako, bayan zango guda zai ga sauyi a kafaɗarsa, zai kuma gan shi a takardar sakamakonsa, kuma zai san wane aiki ne ya haifar da kowanne.